Hanyar da Baba ya bari a buɗe

Mahaifinmu kafinta ne, kuma duk layin da shagonsa yake ba a kiransa da komai sai Ba-Giɓi. Mai walda na jikin shagonsa ne ya laƙaba masa, sunan ya bi shi har yaran layin suna zaton na yanka ne. In Baba ya haɗa katako biyu, sai ya ɗaga su saitin ƙofa ya kanne ido ɗaya. Muddin haske ya ratsa ta mahaɗar, ko da kamar silin gashi ne, aiki ya koma baya. Na taɓa ganin ya sa an sauke kabad daga mota, mai kayan yana ta rantsuwa shi dai ya gamsu, Baba yana cewa, "Kai ka gamsu. Ni ban gamsu ba. Ku sauke."

Tun yana saurayi ya koyi sana'ar a hannun wani dattijo da aka ce yakan wuni bai ce uffan ba, da ido kawai yake koyarwa. Baba ya gaji zarto da guduma a wurinsa, ya haɗa da shirun. Allah da ikonsa sai ya haɗa shi da Umma, wadda ke iya yin maganar mutum biyu ta kuma bar saura. Shagon ɗaki ɗaya ne mai zurfi, falankai jingine a bango, gwangwanayen ƙusa jere bisa kanta daga ƙanana zuwa manya, ƙamshin gam da garin katako ya kama komai har tawul ɗin goge hannu. A gidanmu kuwa babu ƙofar da ke ƙara, babu durowar da ke cijewa. Sai da na yi aure na san akwai gidajen da ake dukan ƙofa da kafaɗa kafin ta rufu.

Mu biyu Allah ya ba su. Ni ce babba, ni Baba ke kira Uwata, kuma ina aiki a wani shagon magani da ba shi da nisa da nasa. Sai bayan dogon jira aka sami Auta. Baba ya sa rai da shi ƙwarai, har ya sassaƙa masa 'yar guduma tun bai iya ɗaure wando ba. To amma hannun Auta ba na katako ba ne. In ya buga ƙusa sai ta lanƙwashe, in ya yi yanka sai zarto ya bi son ransa. Abin da ya iya shi ne kwance rediyo da haɗa wayoyi, har ya tattaro tarkace ya haɗa wa kansa kwamfuta. A cikinta yake wuni yana wani wasan yaƙi.

Ba a yi wani babban faɗa ba, kada a ce na ƙara gishiri. Wata rana ce Baba ya bar masa ƙofa ya goge da sanfefa, ya dawo ya tarar ba a taɓa ta ba. Ya zo gida ya same shi a gaban kwamfutar, ya zare wayar wuta daga bango, ya ce, "Wanda ya kasa haɗa katako biyu shi ne zai ja runduna." Auta bai ce komai ba, ya gaji shirun shi ma. Bayan ya gama makaranta ya sami aiki a wani kamfanin da ke ja wa ofisoshi wayoyin sadarwa, can wani gari mai nisa, ya tafi ya bar kwamfutar a ɗakinsa.

Yana kira, ba ya fashi. Wayar Umma yake kira, ta miƙa wa Baba, mu kuma duk mun haddace abin da za a ce. "Lafiya? Aiki fa? To madalla. Ga Ummanka." Kafin ya kai ƙarshe hannun Umma na nan a miƙe, ta karɓa ta ci gaba da ba da labarin unguwa. Abin yana ba ni haushi, don na san in an kashe wayar Baba yakan tsare Umma da tambaya: ya ce yana cin abinci? Muryarsa kamar da mura, ko?

Ni na kai kwamfutar shago. Masu kawo aiki sun koma nuna hoton gado da kujera a waya, idon Baba kuma ya fara gajiya da ƙananan abubuwa, sai na ce a riƙa buɗe masa hotunan a babban allo. Ya yi mata ɗan kabad don ƙura, wanda in ka rufe ƙofarsa sai ka ji iska ta fito. Yana riƙe linzamin kwamfutar kamar zai goge tebur da shi. A haka wata rana hannunsa ya danna inda bai nufa ba, wasan Auta ya buɗe.

Da na kawo masa abincin rana na same shi ya sa tabarau, hancinsa ya kusa taɓa allon. Taswira ce aka yanka gida-gida, kowane gida kusurwa shida kamar saƙar zuma, ga kogi, ga daji, ga tuddai, ga 'yan sojoji da tankoki zaune a cikin gidajen.

Na ce, "Baba, in rufe maka?"

Ya ce, "Bari. Wanda ya yanka wannan ya iya awo."

Shi ke nan, kamar wasa. Ya fara karawa da kwamfutar, ita kuwa ba ta san girman furfura ba, ta yi ta ba shi kashi har mai walda ya canja masa suna zuwa Janar. In ya leƙo ya ga Baba ya haɗe rai sai ya ƙame ya sara masa, ya ce, "Ranka ya daɗe, yau ma an gudu ne?" Baba ya yi masa kunnen uwar shegu. Ba Turancin da ke jikin wasan ya karanta ba, duka ne ya koya masa dokokin ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na zama wadda ake yi wa bita in na kawo abinci, ko ina so ko ba na so.

Wasan bi da bi ne. Ka matsa da sojojinka, ka kai harin da za ka kai, ka danna maɓallin gamawa, sai abokin gaba ya yi nasa takun. Kowace ƙungiyar soja tana da ƙarfi goma, in ya ƙare ta ɓace daga taswira. Wanda ke kan tudu ya fi na ƙasa. Wanda ya kai hari yana tsaye cikin kogi rabin ƙarfinsa ya tafi. Tanka sarki ce a fili, amma in ta shiga daji sojan ƙasa sai ya mai da ita gwangwani. Igwa tana harbi daga nesa, sai dai ba ta harbi a takun da ta yi tafiya, kuma in abokin gaba ya iso jikinta ba ta da abin kare kanta, dole a ajiye sojan ƙasa a gabanta. Duk inda sojanka ba ya hange, duhu ne ya rufe shi.

Dokoki biyu ne suka shiga ran Baba. Ta farko, sojan da aka bari wuri ɗaya ba a motsa shi ba yakan haƙa rami, kullum yana ƙara zama daram, ranar da ka ɗaga shi kuma ramin ya tashi a banza. "Kamar gam ne," in ji Baba, "ka sa, ka matse, ka ƙyale shi." Ta biyu ita ce dokar hanya. Kowane soja yana buƙatar hanyar da ta haɗa shi da gida, ta nan abinci da harsashi ke zuwa. In aka zagaye shi aka toshe duk gidajen da ke kewaye, ƙarfinsa zai riƙa zubewa da kansa ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba, har ya ɗaga farar tuta. In yawancin rundunar mutum ta ɗaga tuta, ko aka rushe masa hedikwata, wasa ya ƙare.

Ni ce na tsegunta wa Auta cewa Baba ya kama wasansa. Ya fashe da dariya, ya ce, "Yaya, Babanmu dai? Wanda ya zare mini waya?" Bayan 'yan kwanaki saƙo ya fito a allon shago: ana gayyatar Baba karawa. Babu gaisuwa, babu komai, gayyata kawai. Na nuna masa inda zai danna. Ya goge hannunsa da tawul tukuna, sannan ya danna.

Tsarin ya dace da su kamar an auna. Ba sai sun zauna lokaci ɗaya ba. Baba ya yi takunsa da safe kafin ya taɓa zarto, Auta ya yi nasa in ya tashi daga aiki, gari ya waye Baba ya buɗe kabad ya ga abin da aka yi masa. Akwai wa'adi ɗan gajere, wanda ya bari ya wuce bai taka ba an cinye shi. Karawar farko Auta ya share shi kafin ya gama jera igwoginsa. Ta biyu ta ɗan ja, ita ma ya sha kashi.

Shan kashin bai dame shi ba. Abin da ya biyo baya ne ya dame shi. Da wasa ya ƙare, allon sai ya koma wayam, sai wani ya sake aiko da gayyata. Bayan karawa ta biyu Auta bai aiko ba. Damina ta shigo ta fita, kullum Baba sai ya buɗe kabad da safe, ya duba, ya rufe. Na ce, "Baba, kai ma fa kana iya aika masa, ga wurin nan." Ya ce, "In yana so zai aiko." Na kira Auta, shi kuma ya ce, "Na ga kamar na takura masa ne, Yaya. In yana so ai zai yi magana." Na rantse ran nan da suna kusa da na gwara kawunansu. Sai da na yi masa tas sannan gayyata ta uku ta zo.

A karawa ta ukun ne Baba ya nuna ko shi wane ne. Taswirar tana da kogi a tsakiya da gada ɗaya. Auta ɗan gaggawa ne, tankoki yake so, ya zagayo ta gefe ya fasa ya wuce. Baba kuwa ya jera sojan ƙasa kafaɗa da kafaɗa, ya bar su suka haƙa ramuka, igwa a bayan kowanne, ba ya matsawa sai layin gaba ɗaya zai matsa. Auta ya kwaso kusan duk rundunarsa ya haye gada, ya doki tsakiyar layin. Tsakiyar ta ja da baya a hankali, gefe da gefe suka tsaya cak, sannan suka lanƙwaso. Kafin Auta ya farga an zagaye shi ta ko'ina. Gida ɗaya tak ya rage, wanda ke bakin gada, ta nan motocin abincinsa ke shigowa. Sojan Baba yana zaune a gidan da ke jikinsa, taku ɗaya ya rufe.

Bai rufe ba. Mako ya wuce, wata ya wuce, wani ya bi bayansa. Kullum da safe Baba zai matsa da wata motar kaya gaba, gobe ya dawo da ita baya, ko ya aika ɗan leƙen asiri ya zaga daji. Auta shi ma zai yi harbi cikin wani kurmi da babu kowa, ya gyara tsayuwar tanka. Mai walda ya ce wannan ba yaƙi ba ne, zaman makoki ne. Amma Baba yana karanta takun nan kamar yadda yake karanta jijiyar katako. "Yau da wuri ya taka, aikin safe yake." Ko kuma, "Dubi inda ya bar tankar nan. Yaron nan bai sami barci ba." Rannan har cewa ya yi a tambayi Umma ko Auta ba shi da lafiya, don takunsa ya yi sanyi. Aka kira, ashe zazzaɓi yake yi.

Ni da ban iya wasan ba ma na ga giɓin. Wata rana yana cin abinci na nuna da cokali na ce, "Baba, wannan fa? Kai da ba ka barin haske ya wuce."

Ya ci gaba da tauna. Can ya ce, "Na gan shi."

"To me kake jira? Ka rufe ka ci, ka huta da gorin mai walda."

Ya ajiye cokali, ya rufe kwanon, ya daidaita murfin har sai da ya zauna. Ya ce, "Uwata, in na rufe, gobe da safe me zan buɗe in gani?"

Tausayinsa ya kama ni har na ji kunyar tambayar. Ya ce kada in gaya wa Umma, don ya san kafin ya rufe baki ta kira Auta ta zazzage masa komai. Na yi alkawari.

Ana cikin haka yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya daɗe yana musu, Umma kuma ta daɗe tana rufa masa asiri ba tare da ya sani ba. In ya zuba shayi a gefen kofi sai ta goge tana ba da wani labari. Ta riƙa ajiye takalmansa inda ƙafarsa za ta same su, ta matsar da kujera daga hanya, in ya sa riga a bai-bai ta ce ai wannan ta yi datti, kawo in canja maka. Abin da ya karya masa gwiwa wata durowa ce. Ya haɗa ta, ya ɗaga saitin ƙofa, ya ce ta yi. Da ya shafa da babban yatsa sai ya ji bakin mahaɗar a buɗe. Ya daɗe a tsaye da durowar a hannu. Washegari ya ce in kai shi wurin likitan ido.

Aka sa ranar aiki. Ya kafa doka: kada wanda ya gaya wa Auta, kada a ta da wa yaro hankali yana bakin aikinsa. Ya sa aka kawo kwamfutar gida aka ajiye a falo, ya zaunar da Umma yana koya mata riƙe linzami, don likita ya ce bayan aiki babu kallon allo sai ido ya warke, wa'adin wasa kuma ba ya jiran mara lafiya. Umma kanta na ja. Ta yi ta tambaya, shi kuma daɗin samun ɗaliba ya kwashe shi, ya bayyana mata tudu da kogi da rami, har da dokar hanya, tiryan-tiryan. Abu ɗaya ne kawai bai gaya mata ba.

Aiki ya yi kyau, aka sallamo shi da bandeji. Ranar da wa'adi ya matso ina wurin aiki, daga baya Umma ta ba ni labari. Yana kwance a doguwar kujera ya ce mata, "Motar kayan nan ta bayan daji, dawo da ita baya gida ɗaya, sai ki danna gamawa." Ta dawo da mota. Sai idonta ya faɗa kan bakin gada. Ga zobe an kewaye tsaf, ga gida ɗaya a buɗe, ga soja a jikinsa. Matar da ta yi shekara da shekaru da mutumin da ake kira Ba-Giɓi, me za ta ce? Ta ce a ranta, wayyo Malam, har nan ciwon ya kai. Ta jawo sojan ta rufe, ba ta ce masa komai ba don kada ya ji kunya, ta danna gamawa, ta tashi ta ɗora masa ruwan shayi.

Da safe na biya in ɗiga masa magani. Ya ce a buɗe a gaya masa abin da yaron ya taka. Umma ta kunna, sai falo ya cika da busa da kiɗan sojoji. Fararen tutoci sun rufe bakin kogi. Bisa doka Auta yana da sauran 'yan taku da zai iya yunƙurin fasa zoben, amma bai gwada ba, ya danna miƙa wuya da kansa.

Baba ya ɗago kai ya ce, "Mene ne wannan?"

Umma ta ce, "Ka ci, Malam! Wallahi ka ci! Wurin nan na bakin gada da idonka bai gani ba, ni na rufe maka jiya."

Kiɗan ya ƙare ya sake farawa, na miƙa hannu na kashe. Ya ce, a hankali, "Na gan shi. Tun ranar farko na gan shi." Ya mai da kansa kan matashi ya juya fuska bango.

A kicin na warware wa Umma komai, alkawari ya riga ya tashi aiki. Ta zauna a kan bokitin da ke kife, ta riƙe haɓa. Hawaye suka zo, faɗa ya biyo baya. "To ni duba nake yi? Mutum ya bar ƙofa a buɗe ya ƙi faɗa, wa zai san da gangan ne? Shi da ɗan nasa duk jirgi ɗaya ya kwaso su, baki kamar an ɗinke!" Ta ɗauki waya za ta kira Auta. Daga falo Baba ya ce, "A bar shi." Bai ɗaga murya ba, amma ta ajiye.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. An cire bandeji, an ba shi baƙin tabarau, yana zaune a falo kwamfutar na gefensa a rufe da ɗankwalin Umma. Bai yi mata faɗa ba, da ma ya yi da ta fi samun sauƙi. Kullum da safe zai ce, "Uwata, duba mini," in duba, in ce babu komai, ya ce to. Auta bai aiko ba, bai kuma kira ba, abin da bai saba ba. Mai walda ya zo dubiya da barkwancinsa, ya sara ya ce, "Janar, an ce an ci gari!" Da ya ga fuskokinmu sai ya sauke hannu ya koma tambayar jiki.

Wata yamma bayan la'asar muna zaune mu uku, Umma na ninke wanki, sai waya ta yi ƙara. Umma ta lalubi tata, ba ita ba ce. 'Yar ƙaramar wayar Baba ce mai maɓallai, wadda ba mai kiranta sai masu kawo aiki. Na ɗauko na duba, na miƙa masa na ce, "Baba, Auta ne." Wayar irin mai amon nan ce, duk wanda ke ɗakin yana jin abin da ake faɗa.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau. Aiki fa?"

"Alhamdu lillahi." Sannan ya ce, "Baba, kai ka rufe hanyar nan?"

Baba ya gyara zama. "Me ka gani?"

"Da farko na zaci ka gaji ne, shi ya sa na ɗaga tuta, na ce kada in ja maka rai. Na kasa sakewa, yau na koma na sake kallon takun. Sojan da aka rufe da shi, daga raminsa aka ɗago shi, aka bar igwar da ke bayansa tsirara. An toshe wuri an buɗe wani. Kai ba ka aiki haka, Baba. Da kai ne, da sai ka kawo wani ya tsaya a ramin tukuna. Wa ya taka maka? Me ya same ka?"

Umma ta saki rigar da ke hannunta ta ce, "Ji mini ɗan nema, aikin nawa ne tsirara?"

Baba ya ce, "Ido ne. An yi mini aiki. Ummanka ce ta riƙe mini."

"Aiki? Ba wanda ya gaya mini!"

"Ni na hana."

Muka ji Auta ya ja numfashi, ya sake ja. "Ya jikin? Kana gani?"

"Ina gani. Har ƙurar da ke kan kabad ɗin Ummanka ina hange daga nan." Ya shafa hannun kujera da babban yatsa. "Hanyar nan, ni na bar ta. Ba mantuwa ba ce."

"Na sani, Baba. Ni ma babbar igwata da ke kan tudu a hayin kogi, ta daɗe tana iya kaiwa hedikwatarka."

"Na sani," in ji Baba. "Na auna."

Auta ya yi dariya, irin wadda ke fita tare da majina. Baba ma gefen bakinsa ya motsa. Nan ne wurin da aka saba, an gaisa, an ji lafiya, har an yi ƙari. Umma ta share ido da bakin mayafi, ta matso, ta miƙa hannu kamar kullum.

Baba ya dubi hannun ta cikin baƙin tabarau. Ya mai da wayar ɗaya kunnen, ya ce, "Bari tukuna, magana muke yi." Sannan ya ce, "Ina jin ka. Ɗakin da kake kwana, ƙofarsa tana rufuwa daidai kuwa?"

Umma ta tsaya da hannu a miƙe na ɗan lokaci, sannan ta janye shi. Ta kwashi wankinta, ta yafito ni da ido, muka fita muka ja musu ƙofa.